Kai matashi gidan horo: gyara ne ko ɓoye matsala?

Yayar Maraya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da 'yan'uwa, na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau larura ta sa dole in nemi shawararku, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina da ƙane mai shekara 17, shi ne autanmu, kuma mahaifinmu ya rasu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun daga shekarar da ta biyo baya muka fara ganin canji a tattare da shi. Ya fara da fashin makaranta, ya koma kwana a waje, daga baya muka tsinci ƙwayoyin taramol a aljihun wandonsa, a watan jiya kuma ya ɗauki keken ɗinkin mahaifiyarmu ya sayar, alhali da shi take rufa wa gidan asiri. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, kuma idan yana cikin hayyacinsa yakan zauna ya yi kuka ya rantse zai daina, amma ba a kwana uku sai a koma gidan jiya.

Baffanmu, wanda shi ne makwafin uba a gare mu yanzu, ya yanke shawarar a kai shi wani gidan horo da ke wata jiha, inda aka ce ana riƙe yaro wata shida zuwa shekara ɗaya, ana koya masa karatu, ba a barinsa ya fita, kuma ba a yarda iyaye su ziyarce shi a watanni ukun farko. Kawunmu ya ce sam bai amince ba, wai yaron zai dawo ya fi yadda ya tafi lalacewa. Mahaifiyarmu ba ta cewa komai sai hawaye, ni kuma an bar ni a tsakiya saboda ni ce zan biya kuɗin. Tambayata ita ce, shin irin waɗannan gidaje suna gyara yaro da gaske, ko kuwa iyali ne kawai suke samun hutu na ɗan lokaci? Ina so in ji daga bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Dattijon Unguwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ni a ganina baffanku bai yi kuskure ba, kuma zan faɗi dalilina daga abin da ya faru a gidanmu. Ɗan ƙanena ya shiga shan wiwi da shaƙar sholisho yana ɗan shekara 16, har ya fara bin 'yan daba yana yawo da wuƙa a ƙugu. Mun yi nasiha, mun yi faɗa, mun kai shi gaban mai unguwa, duk a banza. A ƙarshe muka kai shi wurin wani malami a ƙauye, ya yi wata tara a can yana karatun allo da asuba, da rana yana gona tare da 'ya'yan malamin. Yau ga shi da shagonsa na kayan masarufi da iyalinsa, kuma shi da kansa yake cewa da an bar shi a gari da tuni an yi arba'in ɗinsa.

Abin da masu sukar waɗannan gidaje ba sa la'akari da shi shi ne, yaron da ya saba da majalisar 'yan shaye-shaye ba zai taɓa dainawa ba muddin yana iya taka ƙafa ya je wurin dila cikin minti biyar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Raba shi da abokan nan shi ne rabin magani, kuma ba yadda uwa mai takaba ko yaya mace za ta iya tsare saurayi ɗan shekara 17 a ɗaki. Sannan akwai abin tsoro da ya fi horo muni: yau keken ɗinkin gida ya ɗauka, gobe idan ya ɗauki wayar wani a kasuwa aka yi masa ihun ɓarawo, kin san abin da jama'a suke yi kafin 'yan sanda su iso. Ban ce a kai shi inda za a illata shi ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙanenki ya kusa bushewa.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Baba, da girmanka da komai, zan ɗan saɓa maka, ba don ina musun labarin ɗan ƙanenka ba. Abin da ka kwatanta gidan malami ne mai ƙofa a buɗe, yaro yana cin tuwo tare da 'ya'yan gida yana fita gona, wanda kuwa 'yar'uwarmu ta kwatanta wuri ne da ake kulle yaro a hana danginsa ganinsa wata uku. Sunan ne ya haɗa su, amma ba abu ɗaya ba ne.

Ba mu manta da 2019 ba. A ƙarshen watan Satumba na shekarar, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya, kuma a cikinsu har da waɗanda aka kawo daga ƙasashen maƙwabta. A watan Oktoba aka sake samun irin wannan a Daura da cikin garin Katsina da Zariya, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari da ke jihar. Abin da ya fi tsaya mini a rai a lokacin shi ne, mafi yawan waɗanda aka fito da su iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna kai abinci a bakin ƙofa, ba su san abin da ke faruwa a ciki ba. Saboda haka, 'yar'uwa, sharaɗin nan na hana ziyara shi ne abu na farko da ya kamata ya tayar miki da hankali. Akwai cibiyoyin kirki da sukan taƙaita ziyara na 'yan kwanaki a farkon jinya, amma duk wurin da ba zai bar ki ki ga ɗakin da ƙanenki zai kwana ba, kuma ba zai bar ki ki gana da shi ke kaɗai ba tare da mai gadi a tsaye a kanku ba, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Abu na biyu ya shafi aikina kai tsaye. Taramol maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin ƙwayoyin da jiki yake sabawa da su, kuma wanda ya daɗe yana sha idan aka yanke masa rana ɗaya yakan shiga zufa da ciwon gaɓoɓi da amai da gudawa da rashin barci na kwanaki. Shansa da yawa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yawancin yaran da nake gani ba ƙwaya ɗaya suke sha ba, sukan haɗa da kodin ko ƙwayoyin sa barci, su kuwa ƙwayoyin barcin nan yanke su farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da za ta yi ajalin mutum. A gidan da babu likita, idan yaro ya faɗi yana shure-shure, cewa za a yi aljanu ne ko kuwa iskanci ne, a ƙara masa bulala. Don haka matakin farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ya san me yake sha, nawa yake sha, tun yaushe. Kuma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: canjin ya fara ne bayan rasuwar mahaifinku. Sau da yawa shaye-shayen matashi bargo ne da ya lulluɓe baƙin ciki da shi, idan aka fizge bargon ba a duba ciwon ba, zai nemi wani bargon.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu wannan larura. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da jinya a ofisoshinta na jihohi, ba kame kaɗai take yi ba. Mutanenmu suna gudun waɗannan wurare don kada a ce ɗansu ya haukace, amma sun yarda a ɗaure shi da sarƙa a wani gari inda ba mai gani, kuma wannan a wurina ya nuna cewa abin da muke jinya sau da yawa kunyarmu ce, ba yaron ba.

Wanda Ya Taɓa Shiga ya amsa:

Yaya, ni ba malami ba ne kuma ba likita ba, amma na yi wata goma sha ɗaya a irin gidan da baffanku yake nufi, ina ɗan shekara 16, saboda haka zan faɗa miki abin da na sani ba ƙari ba ragi. Da dare aka zo aka ɗauke ni, an ce mini za mu je gaishe da wani mara lafiya ne. Makonni biyun farko ban san inda kaina yake ba saboda jikina yana neman abin da ya saba. Bayan nan na gane ƙa'idar gidan, wadda ba a rubuce take ba: wanda ya iya sunkuyar da kai, ya iya ɗaga murya a karatu, ya iya cewa na tuba a gaban baƙi, shi ake cire wa mari da wuri. Duka muka ƙware a wannan. Ranar da mahaifina ya zo, ya same ni da farar riga da carbi, ya yi ta godiya yana hawaye, ni kuwa abin da ke raina shi ne lissafin kwanakin da suka rage.

A ɗakinmu mun kai mu talatin, akwai wanda aka kawo don ya ƙi zuwa makaranta kawai, akwai mai taɓin hankali da ke magana shi kaɗai, akwai kuma waɗanda suka yi shekaru suna fashi da sara. Da dare hirar da ake yi ke nan. Na shiga wiwi kaɗai na sani, na fito na san sunayen ƙwayoyi da yadda ake haɗa su da inda ake samunsu da araha a garuruwa uku. Kwana goma sha biyu da dawowata gida na koma sha, domin majalisarmu tana nan inda na bar ta, ba ni da makaranta, ba ni da aikin yi, kuma duk unguwa kallon ɗan gidan mari ake yi mini.

Don in yi adalci, ba zan ce ban samu komai ba. Na sauke izu biyar a can, kuma na gane cewa jikina yana iya rayuwa ba tare da hayaƙi ba, abin da da ban yarda da shi ba. Amma wanda ya fitar da ni da gaske kawuna ne mai gyaran mota, wanda ya ɗauki shekara biyu yana zuwa ƙofar gidanmu da asuba yana tafiya da ni gareji, yana ba ni kuɗin abinci a hannu kaɗan-kaɗan, idan na zame ya yi mini faɗa ya sake dawowa washegari. Yau shekarata bakwai ban sha komai ba. Abin da bai warke ba shi ne tsakanina da mahaifina. Muna gaisawa, ina yi masa biyayya, amma har yau idan ya ce mini in zo mu je wani wuri sai gabana ya faɗi. Idan har za ku kai shi wani wuri, don Allah kada ku yaudare shi.

Malamin Nazarin Zamantakewa ya amsa:

Abin da ɗan'uwanmu ya faɗa game da hirar dare ba labarinsa ba ne shi kaɗai, masu bincike sun daɗe da gano shi. A jihar Masacuset ta Amurka an fara wani shiri a ƙarshen shekarun 1930, a garuruwan Kambirij da Samabil, inda aka raba yara maza gida biyu, aka bai wa rabi masu ba da shawara da taimakon karatu da zuwa sansanin hutu, aka bar rabin ba a yi musu komai ba. Bayan kimanin shekara 30 wata masaniya mai suna Joan McCord ta bi sawun mutum wajen 500 daga cikinsu, ta tarar waɗanda aka taimaka ba su fi sauran dacewa ba, a wasu fannoni ma sun fi su shiga matsala, kuma waɗanda aka tura sansanin fiye da sau ɗaya su ne abin ya fi shafa. Abin ban mamaki, da yawansu da aka tambaye su cewa suka yi shirin ya amfane su. Wannan shi ya sa shaidar mutum ɗaya, ko ta yabo ko ta suka, ba ta isa a yanke hukunci ba. Baba ya san ɗan ƙanensa da ya shiryu, amma ba wanda ya ƙirga waɗanda suka shiga tare da shi suka fito suka koma ruwa, kuma ba mu san ko da an ba shi gona da kulawar dattijo a wani wuri ba tare da sunan horo ba zai shiryu haka nan.

Kada kuma mu ɗauka matsalar ta talauci ce ko ta ƙasarmu kaɗai. A Amurka iyaye masu kuɗi suna biyan dubban daloli a kai 'ya'yansu makarantun kwana na gyaran hali da sansanonin daji, kuma a 2007 ofishin GAO, mai yi wa majalisar dokokin ƙasar bincike, ya ba da rahoton dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a irin waɗannan wurare, har da mace-mace. Paris Hilton, wata fitacciyar Ba'amurkiya wadda aka haifa cikin dukiya, ta tsaya gaban majalisa ta ba da labarin abin da ta ce an yi mata a irin wannan makaranta a jihar Yuta, kuma a Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar da ta nemi a riƙa bibiyar waɗannan cibiyoyi. Duk inda aka ba wasu mutane cikakken iko a kan yaran da an riga an yi musu tambarin maƙaryata, aka kuma rufe ƙofa, sakamakon yakan yi kama da juna.

Ban ce kwantar da yaro ba shi da amfani ba. Wanda yake barazana ga ransa ko ran wani, ko wanda jikinsa ya kamu sosai, yana bukatar wurin da za a sa masa ido dare da rana. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ma tana cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, amma jinya take nufi, ko a kwance ko ana zuwa daga gida, kuma ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan zame su koma aƙalla sau ɗaya. Ke nan duk wanda ya yi miki alkawarin cewa wata shida zai dawo miki da yaro fes har abada, talla yake yi. Ga matasa, hanyoyin da suka fi nuna sakamako su ne waɗanda ake haɗa iyali a ciki, a gyara yadda gidan yake mu'amala da yaron. Mu kanmu muna da tarihin wannan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda maras lafiya yake zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa jinya da rana, kuma bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin. Duniya ta yaba wa tsarin, mu kuma muka bar shi a littattafai.

Dattijon Unguwa ya sake amsawa:

Malam, na ji bayaninka kuma na ƙaru, sai dai akwai abin da ku masu ilimi kuke tsallakewa. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya. Gadaje nawa ne a Barnawa da Dawanau da Kware idan aka haɗa su? Gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya da ake kira Bosta guda uku na sani, a Kaduna da Ilori da Abekuta, su ma ba wurin da uwa za ta ɗauki ɗanta ta kai don ya sayar da keken ɗinki ba ne. An rufe gidajen mari a 2019, na yarda akwai waɗanda suka cancanci rufewa, amma me aka buɗe a madadinsu? Iyaye ba don mugunta suke kai 'ya'yansu can ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk da haka na karɓi gyara a kan abu ɗaya: malamin da muka kai namu bai taɓa hana mu ganinsa ba, duk ranar kasuwa ina zuwa. Idan wannan gidan ya ce wata uku ba ziyara, 'yata, ki gaya wa baffanku ni ma ban goyi bayan wannan ba.

Yayar Maraya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku jiya da dare, kuma a karo na farko ta buɗe baki ta ce ba za a fitar mata da ɗa da yaudara ba. Na kira gidan horon na tambaye su ko suna da likita, suka ce suna da mai ba da magani, na tambaya ko zan iya zagaya ɗakunan kafin in biya, suka ce sai dai in tsaya a ofis. Na faɗa wa Baffa haka, bai ji daɗi ba, amma ya yarda a fara kai shi asibiti ranar Litinin, da sharaɗin idan wata biyu suka wuce ba a ga canji ba za a koma kan maganarsa. Shi yaron ya ce zai je idan ni zan raka shi. Kawu kuma ya yi magana da wani abokinsa mai aikin walda da ke can wata unguwa nesa da majalisarsu, ya ce a kawo shi bayan an ga likita.

Anti Ma'aikaciyar Jinya, don Allah ina da sauran tambaya. Daga yau zuwa Litinin kwana huɗu ne, kuma na san yana da sauran ƙwayoyi a ɗakinsa. Shin in kwashe su in zubar tun yanzu, ko in bar shi har likita ya gan shi, tunda kin ce yankewa farat ɗaya tana da haɗari?